Funkason Lahadi a Gidan Baba Albert

Sabon Gari, Zariya
16 ga Maris, 2003

Zuwa ga Gwaggo Winifred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da sanyin Gembu da muke jin labarinsa. Ni ne Japheth, ɗan Ishaya na Wusasa, jikan Malam Barnaba wanda suke ɗan wa da ɗan ƙane da mahaifinki, Baba Albert. Na san rabonki da ni tun ina yawo ba wando, shi ya sa na fara da wannan.

Na gama digirina na aikin gona bara, kuma an ɗauke ni aikin wucin gadi a sashen alkama na wata cibiyar bincike a Samaru, sashen da Baba ya yi aiki har ya yi ritaya. Da na so in kama ɗaki a Bomo, kusa da aiki, amma babana ya ce mahaifiyarki, Kaka Bibiana, tana zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba, gara in zauna da ita. Tun Janairu ina ɗakin zaure.

Aikina a ɗakin gwaji ne. Ana kawo alkamar da aka girbe, kowane iri a jakarsa. In ƙirga ƙwaya dubu in auna nauyinta, in niƙa, in kwaɓa, in wanke kwaɓin a bakin famfo har gari ya tafi ya bar danƙo. Danƙon nan shi ke sa burodi ya tashi. Matsalarmu biyu ce. Zafi yakan riga alkama nuna a ƙarshen Fabrairu, sai ƙwayar ta motse. Irin da ya jure zafin kuma ba shi da danƙo, masu gidan burodi na Sabon Gari ko kallon garinsa ba sa yi.

Shugabana, Dokta Shehu, ya ce Baba ya taɓa magance duka biyun. Ya haɗa tsohuwar alkamar bakin Tafkin Chadi da wata baƙuwa, ya sami wani iri da ya sa wa suna Mai Jimiri. Wanda aka ajiye a ɗakin sanyi na ofis ya mutu a shekarun da aka yi ta rashin wuta. Amma ana cewa Baba ya zuba wani a garwa, ya liƙe da kakin kyandir, ya ajiye a gida. Ɗakinsa a kulle yake, mabuɗin yana wuyan Kaka tare da gicciyenta. Sau ɗaya na tambaya, ta yi dariya ta ce, “Ango, tun ba ka tare ba kana neman mabuɗin taska?”

Tana kula da ni ƙwarai. Kowace Lahadi bayan sujada takan yi funkaso da miyar taushe, ta zuba mini a kwanon Baba mai shuɗin baki, ta zauna tana kallona har in cinye. Ban taɓa cin funkaso mai tashi irinsa ba. Na tambaye ta layin da take sayen alkamar a kasuwa, ta ce miji na kirki ba ya bin diddigin cefane.

Game da lafiyarta, zan faɗa miki abin da na gani kawai, ba abin da nake zato ba. Allura tana faɗuwa daga hannunta, ta ce yatsunta kamar an sa musu safa. In mutum ya zo ta gefenta ba ta ganinsa sai ta juyo da kanta gaba ɗaya. Abu na uku shi ne ya sa na rubuto. Jiya da rana tsaka muna zaune a gindin mangwaro, ta ce mini, yadda za a ce miƙo buta, “Matsa da kujerarka, ka tare masa hanya.” Na ce wa? Ta ce Albert, ga shi nan a hagunta. Ta ce ba ta juyawa, don in ta juya sai ya matsa.

Na matsar da kujerar. Ban san ko daidai na yi ba.

Ɗanki,
Japheth

Gembu
27 ga Afrilu, 2003

Ɗana Japheth,

Na gode da wasiƙarka, ta iso ni bayan Ista. Lafiya muke, sai ruwan sama da haihuwa, waɗanda ba sa neman izinin kowa a garin nan. Na tuna ka sarai. Kai ne ka yi kuka a bikin auren ƙanwata Christabel don an yanka kek ba daidai ba. Da alama ba ka canza ba.

Na karanta sau biyu. Shafi biyu kan alkama, rabin shafi kan Mama. Ban ce komai ba, amma na lura. Furannin kabarin Baba ba su gama bushewa ba mutanen ofishinku suka zo suna tambayar garwa. Yanzu kuma ga nasu a cikin gida, yana cin funkaso.

Ka saurare ni. Mama shekarunta saba’in da huɗu, ta yi hamsin daga ciki da mutum ɗaya. In ta ce tana ganinsa a gindin mangwaro, to ta gan shi, ba abin rubuta wasiƙa ba ne. Na ga zawarawa da yawa suna haka. Maganar yatsu, ka kai ta a auna mata suga da hawan jini, sannan a duba idon, wataƙila tabarau take bukata.

Ɗakin Baba kuwa, kada ka taɓa, kada ka leƙa, kada ka sake tambaya. Abin da ya rage mata ke nan. Abin da ta dafa ta ba ka, ka ci ka gode, ka bar tambayoyin ɗakin gwaji a Samaru. In ta kira ka ango ka amsa, tun kana cikin uwarka take jiran miji mai digiri.

Ba fushi nake yi ba. Nesa ce ta yi yawa, ga shi waya ba ta kamawa a kan dutsen nan. Ka gaida Ishaya.

Gwaggonka,
Winifred

Sabon Gari, Zariya
22 ga Yuni, 2003

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Damina ta zauna a nan ma. Na ji faɗanki, kuma ban taɓa ɗakin ba. Ina roƙo ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Na kai Kaka asibiti. Sugarta daidai. Jininta ya ɗan hau, an ba ta magani. Likitan ido ya ce ƙwayar idon garau take, tabarau ba zai yi komai ba, amma tana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya ce mu dawo bayan wata uku.

Kin san kwatar da ta bi ta bayan ɗakin Baba ta fita waje. Ran wata Asabar na dawo daga gonar gwaji na tarar da jan ruwa kwance a cikinta. Maƙwabciyarmu Madam Ebele, mai sayar da kayan miya, tana tsaye ta kama baki. Ta ce jini ne, ta ce tun bara take gani, ta ce mai gidan bai kwanta ba. Na duba da kaina. Ba jini ba ne. Ba ya daskarewa, ba ya ƙarni, ƙuda ma ba ya sauka a kansa.

A bakin kwatar na ga tsiro, guda goma sha ɗaya. Alkama ce, Gwaggo, mai jan gindi, ba kamar kowane iri da muke da shi a Samaru ba. Ga yadda na fahimci abin. A da akan cuɗa irin shuka da jan magani don kada ƙwari da ruɓa su ci shi. Ina jin rufin ɗakin yana yoyo, ruwa yana shiga garwar, yana wanko maganin da ƴan ƙwayoyi ta ƙarƙashin bango. In haka ne, aikin Baba na shekara ashirin yana ruɓewa a ciki. Ba don kaina na faɗa ba.

Kajin Kaka uku sun mutu. Kafin su mutu sukan yi ta tafiya da baya, suna karo da turmi. Na rufe kwatar da kwanon rufi, na ɗora duwatsu.

Abu ɗaya ne bai shiga lissafina ba, kuma yana damuna. Jan ruwan ran Asabar kawai yake zuwa, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Asabar ɗin da ta wuce ko ɗigo ba a yi ba, amma na ɗaga kwanon na gan shi.

Madam Ebele ta ce tana jin ƙarar dutsen niƙa duk Asabar, kamar zamanin da Baba yake da rai. Wannan kam ba abin tsoro ba ne, Kaka ce ke niƙa alkamar funkaso da hannunta. Na ce ta ba ni in kai inji, ta ƙi, ta ce inji yana gauraya hatsin mutane. Na duba alkamar da take shanyawa a faifai. Fara ce tas, don haka ba ta ɗakin ba ce.

Ki ba ni izini in hau rufin kawai. Ba zan shiga ba.

Ɗanki,
Japheth

Samaru
24 ga Agusta, 2003

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ban sami amsar wasiƙata ta Yuni ba. Ko fushi kike yi, ko ba ta iso ba, ban sani ba. Ki yi haƙuri da rubutun, biro ne ke zamewa.

Kaka ba ta tafiya sai da dafa bango. Maganarta tana nauyi kamar mai tuwo a baki. In na kira ta daga ƙofa ba ta ji, amma ta ce tana jin Baba yana sheƙar alkama a ɗakinsa. Duk da haka ba ta fasa funkason Lahadi ba. Fasto ya zo da dattawa biyu sun yi addu’a a kowace kusurwa. Da suka tafi ta ce sun yi ƙoƙari, amma ɗayansu ya taka wa Albert ƙafa.

Kyanwarta ta haukace ran Talata. Ta yi ta juyi a tsakar gida kamar mai rawa, miyau na zuba, sannan ta faɗa rijiya.

Yanzu zan faɗi nawa, kuma ban gaya wa kowa ba, ko babana. Leɓena ya mutu. Ji nake kamar wani ya ɗora mini yatsa a baki yana cewa in yi shiru. Ina ƙirga ƙwaya dubu sai in ga tana zubewa tsakanin yatsuna ban ji ba. Sau uku awona bai yi daidai da na abokin aikina ba, ni da ban taɓa kuskuren awo ba tun ina ɗalibi. Dokta Shehu ya ja ni gefe ya tambaye ni, cikin ladabi, ko na fara shan wani abu.

Ran Alhamis da rana ina wanke kwaɓi a bakin famfo, ɗakin gwaji cike da haske, na ga duhu a haguna. Tsawonsa tsawon mutum. Na juya, ya matsa. Na sake juyawa, ya sake matsawa. Ban ga fuska ba, ba zan ce na gani ba. Amma bai tafi ba sai da na rufe ido.

Da na dawo gida ban ce komai ba. Kaka ta dube ni ta ɗan ramin da ya rage mata, ta yi murmushi. Ta ce, “Ka fara ganinsa ko, ango? Kada ka ji tsoro. Ya saba da kai ne. Mai ci a kwanonsa ai nasa ne.”

Gwaggo, ni mutum ne mai son a auna abu kafin a faɗa. Wannan ban san ma’auninsa ba. Ki zo, don Allah.

Japheth

Gembu
10 ga Satumba, 2003

Japheth,

Kada ka ƙara sa komai na alkama a bakinka a gidan nan. Kada Mama ta ci. Ka karanta wannan a tsaye.

Ruwa ya cinye gada, wasiƙunka biyu jiya suka iso tare. Na jera su da ta farko a kan tebur. Ta Maris kamar injin buga takarda ya rubuta ta, ta Agusta kamar an rubuta a bayan babur. Ba biro ba ne, hannunka ne. Mutuwar leɓe, mutuwar yatsu, gani ta bututu, kaji, kyanwa: guba ce, ba fatalwa ba.

Akwai abin da ba ka sani ba, ni kuma na hana ka tambaya. Mama ita ce harshen Baba. Duk irin da ya fitar, kafin ya kai rahoto ofis sai ya kawo mata mudu ɗaya ta yi funkaso. In ta ce ta yi, ta yi. In ta ture kwanon, ya koma gona. Jaka biyu yakan kawo gida, fara ta tukunya, ja ta shuka, kuma ja ba mai taɓawa sai shi. Alkamarsa kaɗai Mama ke niƙawa a dutse, ta kasuwa inji take kaiwa. Farar ta ƙare a makon jana’iza, ni na kakkaɓe jakar da hannuna.

To me take niƙawa duk Asabar? Rufin ba ya yoyo, ɗana. Wankewa take yi.

Maganin da Baba yake cuɗa iri da shi tsohon ne, mai zaiba, ƙarfen nan mai ruwa-ruwa mai guba, wanda aka hana tun da daɗewa. Yana da ragowar gwangwani, kuma ba ya zubar da komai. Ruwa yana ɗauke jan launin ne kawai, gubar ta riga ta shige cikin ƙwayar.

Ku tafi asibitin koyarwa yau, ku biyun, ka nuna wa likita wannan takardar. Elias direba ne zai kawo maka hannu da hannu, ka ba shi amsa. Ni kaɗai ce ungozoma a nan har mai canjina ta iso, tana isowa zan taso. Ni na ce ka ci duk abin da ta ba ka. Wannan za mu yi maganarsa in na zo.

Winifred

Zariya
15 ga Satumba, 2003

Gwaggo,

Muna asibiti, an kwantar da Kaka. Elias yana jira, zan taƙaita iya yadda zan iya.

Ya same ni a gonar gwaji ran Asabar da hantsi. Na karanta a tsaye kamar yadda kika ce, na hau acaɓa. Ban taɓa dawowa gida da wuri ran Asabar ba, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Kaka tana zaune a kan kujera ƴar tsugunne a bakin kwata, ta janye kwanon rufin da na sa, da roba a gabanta. Hannunta ja har wuyan hannu. Tana cuɗa alkama tana rera waƙar sujada a hankali.

Na ce, “Kaka, ki ajiye. Guba ce.”

Ta ce, “Wa ya aiko ka da rana haka? Ai na sani. Ka ɗauka jiya aka haife ni? Albert yakan ce ja na gona ne, fari na tukunya. To ga shi ina mai da shi fari.” Ta tsiyaye ruwan, ta ɗebo ta nuna mini a tafin hannunta. Fara tas, Gwaggo, irin wadda na gani a faifai na ce ba ta ɗakin ba ce.

Na ce wanki ba ya fitar da ita, tana cikin ƙwayar. Na ce ita ce ta cinye mata ido, ita ce ta kashe kyanwa. Na ce duhun da take gani a hagu ba Baba ba ne, gefen idon ne ya mutu, ni ma nawa ya fara.

Ta tsayar da hannunta a cikin robar. Ta ce, “Kai ma?” Na miƙa mata hannuna ta riƙe, ta ji yadda yake rawa. Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta ciro mabuɗin daga wuyanta ta jefa cikin robar, ba ta ba ni a hannu ba.

Garwa shida ne a ɗakin, jere a kan katako, kowace da shekarar da aka liƙe ta, 1986. Biyar ba komai a ciki. Ta shida saura kamar mudu ɗaya. Rufin lafiyarsa lau. Ina fitowa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Da ka bar mu, da ta kai mu Kirsimeti.” Ban tambaye ta abin da take nufi ba, kuma ba na son in sani.

Likita ya karanta takardarki, ya kira wasu biyu. An ɗebi jininmu an aika awo. Ya ce ni ƙila in warke duka, don wata takwas kawai na yi ina ci. Ita ta kusa shekara biyu, kuma takan dama kunu da ragowar garin a tsakiyar mako. Ya ce za a tsayar da abin, amma kada mu sa rai abin da ya tafi zai dawo.

Dokta Shehu ya zo da safar hannu da mutum biyu, suka kwashe duk garwa shidan, da dutsen niƙa, da faifai, suka haƙe ƙasar kwatar. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya cire hularsa. Ya ce yana ƙaramin ma’aikaci ya ci funkaso a gidan nan ba adadi.

Kaka ba ta yi mini magana ba tun ran Asabar.

Japheth

Sabon Gari, Zariya
21 ga Maris, 2004

Zuwa ga Gwaggo Winifred,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin huta gajiyar hanya tun tuni, da fatan gadar tana nan a tsaye. Kin ga rubutuna ya dawo. Leɓen ma ya farfaɗo, sai ɗan yatsa ɗaya da har yanzu bai gama dawowa ba.

Tun da kika koma bayan Kirsimeti abin da kika bari bai sake ba. Idon Kaka bai ƙara rufewa ba, bai kuma buɗe ba. Abinci sai an yi da gaske take cin loma uku. Ba ta ƙara kirana ango ba, “yaron nan” take cewa. Na taɓa tambayarta ko duhun yana nan. Ta ce yana nan, amma ba kowa a ciki, mun kore shi. Likita ya ce ba gubar ce ke ramar da ita yanzu ba, rashin ci ne, kuma in ta ci gaba haka ba za ta ga damina ba.

Ga labarin alkamar. Na gwada ƙwaya ɗari a kan jiƙaƙƙiyar takarda. A ƙa’ida irin da ya shekara goma sha bakwai a ɗaki irin na Sabon Gari bai kamata ya tsira ba ko ɗaya. Huɗu suka tsira. Sai muka shuka duk abin da ya rage a tsakiyar Nuwamba, a ɗan fili a fadamar Bomo, ina ba shi ruwa da kaina. Zafi ya sauko da wuri a bana. Sauran irin da ke gefensa suka motse, Mai Jimiri ta tsaya koriya har ta cika. Mun girbe kilo biyu da ɗan ɗori. Danƙonta ya fi na duk wanda na taɓa wankewa. An auna sabuwar ƙwayar a wuri biyu, ba a ga zaiba ba.

Dokta Shehu ya ce kowace ƙwaya iri ce, ba mai taɓa ko ɗaya. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na shiga ofishinsa na ce ina roƙon cikin hannu biyu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Na ɗauka ba za ka tambaya ba. Ai ba a taɓa fitar da iri a sashen nan ba tare da wancan gwajin ba.” Shi ya auna mini da kansa, ya ƙara.

Jiya na niƙa a sabon dutse. Da Kaka ta ji ƙarar ta fito da dafa bango, ta tsaya a kaina. Ta ce wannan niƙa ne ko susa? Ta sa na sake. Ta sa na tankaɗe sau biyu. Yatsunta ba sa ji, sai ta taɓa kwaɓin da bayan hannunta ta ce a ƙara ruwa.

Yau bayan sujada na soya, muka zauna a gindin mangwaro. Na zuba mata a kwano mai shuɗin baki. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da idonta, ta ja shi a hankali har ya rabu, ta sansana, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, “Gishiri ya yi kaɗan. Wannan laifinka ne, ango, ba na alkama ba.”

Ta cinye, ta ɗauki na biyu. Ta ci huɗu, Gwaggo, na ƙirga. Ta suɗe miyar. Sannan ta ɗan karkata kanta hagu, ba ta juya duka ba, ta ce da muryar da ban taɓa jin ta yi wa kowa magana da ita ba, “Albert, ta yi. Ka ba su su shuka.”

Likita ya auna idona watan jiya ya ce gefen ya dawo daidai, kuma na yarda da awonsa. Rana tsaka ce, ba inuwar komai a wajen sai ta mangwaro. Amma ban duba hagunta ba. Na matsar da kujerata kawai, don kada in tare hanya.

Kaka ta ce a gaya miki ki zo da Ista, kuma ki taho da gishiri, wai na gidan nan ango ya ɓoye.

Ɗanki,
Japheth